Siki, takalmi da maƙali: wanne za ka saya in kana son barin hanya ka shiga ɗanyar ƙanƙara?

Ƴan Damagaram da karatu ko aiki ya kai su Grenoble, Chambéry ko Lyon sukan fara wasan siki, wato zamiya a kan dusar ƙanƙara, da kayan haya, a kan hanyoyin da injin yake daddalewa cikin dare. Bayan hunturu biyu ko uku ƙafa ta zauna, sai ido ya fara leƙa bayan sandunan iyaka, inda sabuwar dusar ƙanƙara take kwance ba wanda ya taka. Daga nan maganar saye take tasowa, domin kayan haya na yau da kullum ba su ɗaukar mutum a can. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Cikakken kaya sabo yakan haura Yuro 1,500, kusan miliyan guda na sefa ke nan, tunda Yuro ɗaya a tsaye yake a kan sefa 656. Wanda ya san abin da miliyan take yi a Birni ko Zango ba zai so ya zubar da ita a kan abin da zai jingine bayan ƙofa ba.

Yawancin masu sayen farko sikin suke fara kallo, don shi ne mai fenti, shi ne ake gani a hoto. Ni a ganina an juya lissafin. Takalmi ne farko, maƙalin da ke riƙe takalmin a jikin siki na biyu, sikin kansa na ƙarshe.

Abin da za ka auna kafin ka shiga kanti

Tambaya ta farko: da me za ka hau dutsen? In kujerar igiya ce za ta kai ka sama kullum, nauyin kaya bai dame ka ba, har ma yana taimako wajen gangara. In kuwa kana da niyyar manna fata mai hana zamewa baya a ƙasan siki ka hau da ƙafarka awa biyu ko uku, kowane giram sai ka ji shi a cinya. Wannan tambaya ita kaɗai ta raba kayan gida uku, kuma mutane da yawa suna yaudarar kansu a kanta. Wanda bai taɓa hawa da ƙafa ba ya ce zai riƙa yi duk Asabar, ya sayi kaya mai tsada, ƙarshe a kujerar igiya yake yini.

Ta biyu: kwana nawa za ka samu ƙanƙara mai zurfi da gaske? A tsaunukan Alp, in ta zuba da dare, kafin azahar an gama tattaka duk inda ke kusa da tashar siki. Ɗalibin da ba ya fita sai ƙarshen mako zai fi haɗuwa da ƙanƙarar da aka yayyanka, ko wadda iska ta busar ta yi ɓawo, ko mai tauri. Hotunan Hokkaido ta Japan da ake gani a waya, inda mutum yake nutsewa har ƙirji, ba su ne rayuwar Chamrousse, tashar sikin da ke kusa da Grenoble, ba.

Sauran su ne nauyinka, tsawonka da iyakar ƙwarewarka, sai farashi da daɗewar kaya, sai haɗari ga gwiwa da ƙashin ƙafa. Akwai kuma wani sharaɗi da ake mantawa: dole ne abubuwan uku su yarda da juna. Ba kowane takalmi ne ke shiga kowane maƙali ba.

Takalmi

A nan ba a aike. Mun saba a ce wa mai tafiya "sayo mini lamba 43", to wannan takalmin ba a sayensa da saƙo, ko ta intanet a karon farko. Ana auna shi da tsawon ƙafa a santimita, kamar 26.5 ko 27.5, sannan da faɗin gaban ƙafa: milimita 98 ga siririyar ƙafa, 100 ga matsakaiciya, 102 zuwa 104 ga faffaɗa. Abin da na lura da shi, mu da muka tashi cikin silifa da takalmin fata buɗaɗɗe yatsunmu a baje suke, kuma da yawanmu faɗin 98 azaba ne. Kuskuren da ake yi shi ne a ƙara lamba don a samu faɗi. Sai takalmi ya yi tsawo, diddige ya riƙa ɗagawa, farce ya riƙa dukan gaba har ya yi baƙi ya faɗi.

Ga gwajin da mai kanti na kirki zai yi maka. Zai zare tufar ciki mai laushi, ya bar ƙoƙon roba zalla. Ka sa ƙafa, ka matsa gaba har yatsu su taɓa bakin. Sai ya haska fitila bayan diddigenka: in ratar ta kai santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, daidai ne. In yatsu uku suna shiga, ya yi yawa, ko da kana jin daɗinsa. Sabon takalmi ya kamata ya matse, yatsu su taɓa gaba in ka miƙe tsaye, su ja baya in ka durƙusar da gwiwa. Tufar ciki za ta saki bayan ƴan kwanaki. Inda ya ci ka, ana iya ɗumama robar a buɗa wurin. Wanda ya yi girma kuwa ba mai iya rage shi.

Taurin takalmi ana rubuta shi da lamba, daga wajen 90 zuwa 130. Lambar ba ma'auni ɗaya ba ce tsakanin kamfanoni, 120 na wani ya yi daidai da 110 na wani. Namiji mai kilo 70 zuwa 80 da ya iya gangara yakan zauna a 110 ko 120, mace mai matsakaicin jiki a 90 zuwa 105. Ka tuna roba tana ƙara tauri a sanyi, abin da ka ji yana lanƙwasawa cikin ɗumin kanti zai ƙage a kan dutse. Lamba 130 ga mara nauyi fariya ce kawai, sai ta tura shi baya, cinya ta ɗau wuta.

Iri uku ne. Takalmin gangara zalla, irin su Lange RX ko Tecnica Mach1, kowace ƙafa wajen kilo biyu, ya fi kowanne riƙo da daɗewa, ya fi sauƙin kuɗi, amma tafiya da shi wahala ce. Na tsakiya, irin su Tecnica Cochise, Lange XT3 ko Atomic Hawx XTD, yana da ƙugiya a baya da ake buɗewa ƙafa ta motsa lokacin hawa, da ramukan ƙarfe biyu a hanci don maƙalin allura, wanda za mu zo kansa. Ya ɗan fi tsada, kuma ƙugiyar wuri ne da ke iya yin sako-sako in an daɗe, amma shi ne ke bar maka ƙofa a buɗe. Na uku shi ne na hawa zalla, irin su Scarpa F1 ko Dynafit TLT, bai fi kilo ɗaya da ɗan abu ba. Hawa da shi daɗi, amma bai da ƙarfin juya faffaɗan siki a gudu, kuma sanyi ya fi ratsa shi.

Safa ɗaya siririya ake sawa. Biyu suna tare jini, ƙafar ta fi yin sanyi. Kuma ka yi alwalarka tun a gida ka busar da ƙafa sarai, don cire wannan takalmin a kan dutse ba ƙaramin aiki ba ne.

Ƙasan takalmin ma iri-iri ne, kuma a nan haɗari yake ɓoye. Akwai shimfiɗaɗɗe na dā mai lambar ISO 5355, akwai GripWalk mai ɗan lanƙwasa da roba wanda ya cika kantuna yanzu, akwai na hawa mai lambar ISO 9523. In ka cusa GripWalk a tsohon maƙalin da ba a yi shi dominsa ba, zai iya shiga, ka ji ƙas, amma ranar faɗuwa ya ƙi saki. Ka duba jikin maƙalin, in yana karɓar GripWalk za ka ga an rubuta GW, ko MNC, ko Sole.ID.

Maƙali

Aikinsa biyu ne masu karo da juna: ya riƙe ka in kana gudu, ya sake ka in ka faɗi. Ana daidaita ƙarfin sakin da lambar DIN, wadda ake fitarwa daga nauyi, tsawo, shekaru, tsawon ƙasan takalmi da irin gudunka. Mutum mai kilo 75 da ya iya daidai gwargwado yakan faɗa tsakanin 6 da 7. Saboda haka maƙali mai kaiwa 13, kamar Marker Griffon, ya ishe shi har da saura. Masu kaiwa 16 ko 18 an yi su ne don ƙarti masu tsalle daga kan duwatsu, irin waɗanda ake gani a gasar da ake yi a dutsen Bec des Rosses na Verbier a Suwizalan. Kada ka ƙara lambar da kanka don siki ya fice maka sau ɗaya. Sau da yawa laifin ƙanƙarar da ta daskare a ƙasan takalmi ne, ko daidaiton baya da ya kauce. Ka sani kuma, maƙali ya fi iya kare ƙashin ƙauri a kan jijiyar gwiwa, ba wanda zai ba ka tabbaci a kan gwiwa.

Maƙalin gangara na gargajiya, Griffon, Tyrolia Attack, Look Pivot da ire-irensu, shi ne mafi araha, mafi ƙarko, mafi aminci wajen saki. Taka shi kawai kake yi. Aibinsa ɗaya, diddige ba ya tashi, ba a hawa da shi.

Akwai tsohon yayi mai gado, wanda takalmi ke zaune a kan sandar da ke ɗagawa gaba ɗaya a kowane taku, kamar Marker Baron. Yana karɓar takalmin gangara na yau da kullum, kuma a gwanjo ana samunsa da arha. Hawan minti ashirin zai yi. Fiye da haka, za ka tsine masa.

Maƙalin allura wani ɗan Ostiriya, Fritz Barthel, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, kamfanin Dynafit ya yaɗa shi. Allurai biyu ne suke cafke ramukan hancin takalmi, sai ƙafa ta riƙa lilo a kansu ba tare da ɗaga wani ƙarfe ba. Wasu ba su wuce giram 300 ba. Shigarsa na son sabo: ka daidaita hancin takalmi tsakanin alluran, ka danna, ka ji sun rufe, sannan ka kaɗa sikin gaba da baya sau biyu ko uku don alluran su kore ƙanƙarar da ke cikin ramin. Wanda ya tsallake wannan, sikinsa na iya barinsa a juyi na farko. A kan hanya mai tauri yana jijjiga ƙafa, sakinsa bai kai na gangara daidaito ba, kuma masu kulle hancin lokacin gangara don tsoron ficewa suna caca ne da ƙafarsu.

Na huɗu shi ne mai fuska biyu. Salomon Shift, da ya fito a 2018, yana hawa da allura, in an iso sama a juya shi ya koma maƙalin gangara sosai. Nauyinsa kusan giram 900 kowane ɗaya. Marker Duke PT ma haka yake, sai dai shi ana cire kan gaban a sa a jaka lokacin hawa. Dabara ce mai kyau, amma da tsada, da ƙananan sassa da ƙanƙara ke shiga ta daskare, kuma in ba gwani ne ya daidaita shi ba yakan saki ba dalili.

Ko wanne ka ɗauka, faɗin birkinsa, wato ƙarafan da ke tsayar da siki in ya fice, ya yi daidai da ƙugun sikin, ko ya fi shi da abin da bai wuce milimita 15 ba.

Siki

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce faɗin ƙugu, wato ƙarƙashin ƙafa. Duk wanda ya bi hanyar rairayi arewa da Tanut ya ga yadda direba ke sace iskar taya don ta baje ta daina nutsewa. Faffaɗan siki haka yake yi a ɗanyar ƙanƙara, kuma kamar tayar, da ya dawo wuri mai tauri sai ya zama nawaya.

Daga milimita 88 zuwa 98 akwai irin su Völkl Mantra. Suna kama hanya mai tauri da kyau, suna ratsa ƙanƙarar da aka tattaka, amma in zurfi ya kai gwiwa sai ka yi da gaske. Daga 100 zuwa 108, inda Salomon QST 106, Blizzard Rustler 10, Nordica Enforcer 104 da Black Crows Atris suke, nan ne mai siki ɗaya tilo ya kamata ya tsaya. Suna yawo a sama in ta zuba, ba su kunyata ka in ba ta zuba ba. Daga 112 zuwa sama, kamar Atomic Bent Chetler mai 120, abin more rayuwa ne na ƴan kwanaki a shekara. Ranar da ta zuba ba abin da ya kai shi, sauran ranaku kuwa gwiwa ce ke biyan kuɗin, don kifa shi a kan gefensa aiki ne.

Siffar ma ta canza wasan. A 2002 ɗan wasan siki Shane McConkey ya fito da sikin Volant Spatula, wanda ya ɗauko dabararsa daga sikin ruwa, hanci da wutsiya a ɗage sama. Yau kusan duk sikin wajen hanya yana da ɗagaggen hanci, tsakiyar kuma a ɗan gantsare don kama ƙanƙara mai tauri. Saboda ɗagawar nan, sashen da ke taɓa ƙasa gajere ne, don haka ana ɗaukar siki daidai tsawon mutum ko ya ɗara da santimita 5. Wanda aka shimfiɗa wa ƙarfe a ciki ya fi natsuwa a gudu, ya fi daɗewa, amma yana son mai nauyi da ƙarfi. Siririn mutum ya fi jin daɗin wanda ba ƙarfe.

Farashin da ke jadawalin nan ƙiyasi ne na sabon kaya a farkon hunturu. Daga Maris ake karya shi.

| Haɗin kaya | Farashi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Inda haɗarin yake |
|---|---|---|---|---|
| Siki 98–105, takalmi da maƙalin gangara | Yuro 1,100–1,700 (sefa 720,000–1,115,000) | Mafi daɗewa | Taka ka tafi, ba hawa | Saki mafi aminci |
| Siki 100–108, takalmi mai ƙugiya, maƙali mai fuska biyu | Yuro 1,500–2,200 (sefa 985,000–1,440,000) | Mai kyau, sassa na son kulawa | Juyawa na son sabo | Rashin daidaitawa |
| Siki mara nauyi 90–100, maƙalin allura, fata | Yuro 1,600–2,300 (sefa 1,050,000–1,510,000) | Ya fi saurin lalacewa a tasha | Hawa da daɗi, gangara na son gwaninta | Saki mara tabbas, nesa da taimako |
| Siki na biyu, 112 zuwa sama, da maƙali | Yuro 800–1,200 (sefa 525,000–790,000) | Yana daɗewa don ba a cika fita da shi ba | Ranar zuba kaɗai | Gwiwa a wuri mai tauri |

Gwanjo

Mu ba baƙin gwanjo ba ne, rigunan sanyin da ke cika kasuwar Dole a watan Disamba wasu ma na ƴan siki ne. A Faransa ƙungiyoyin wasa suna buɗe kasuwar tsofaffin kaya a Oktoba da Nuwamba, ga kuma Leboncoin, shafin saye da sayarwa na intanet. Siki na hannu ba laifi. Ka bi gefen ƙarfen da yatsa ka ji ko ya tsage ko ya lotsa, ka duba ko saman ya fara ɓarewa daga jiki, ka ƙirga ramukan sukurori: wanda aka huda sau uku ka bar shi. Maƙalin da ya haura shekara goma masu gyara da yawa ba su yarda su taɓa shi. Tsohon takalmi kuwa, tufarsa ta riga ta ɗauki siffar ƙafar wani, kuma robar da ta tsufa tana iya fashewa a sanyi lokaci guda. Araha ba ta ado a nan.

Kuɗin da ba ya cikin jadawalin

Bayan sandunan iyaka ba wanda ya ɗauki alhakin tsare maka hanya daga zaftarewar ƙanƙara. Abu uku ba a fita sai da su: na'urar DVA da ake ɗaurawa a jiki, mai aika sigina a kan kilohaz 457 don a gano wanda ƙanƙara ta binne, shebur na ƙarfe, da sandar caka mai naɗewa. Ukun tare suna kamawa daga wajen Yuro 250 zuwa 400. Wanda ƙanƙara ta binne, in an tono shi cikin minti goma sha biyar na farko galibi yana rayuwa, bayan haka damar tana faɗuwa da sauri. Ma'ana abokan tafiyarka ne za su cece ka, jirgin ceto ba zai iso a kan lokaci ba, shi ya sa ba a fita mutum ɗaya, kuma na'urar da ba a koyi aiki da ita ba ado ce. Hukumar yanayi ta Météo-France tana fitar da rahoton haɗari kowace yamma, daga mataki 1 zuwa 5. Mataki na 3 ne ya fi cin mutane, don suna ganinsa tsakiya ne su raina shi. Gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45 shi ne mai zaftarewa, shi ne kuma mai daɗin zamiya. Ƙungiyar ANENA da ke Grenoble da rassan Club Alpin suna koyar da wannan. Ka yanki inshora ma, don ceto a yankin tasha biya ake yi. In kuɗin bai kai duka ba, a rage daga siki.

Wa zai ɗauki wanne

Ɗalibi mai fita ƙarshen mako a Chamrousse ko Les 7 Laux, yana hawa da kujerar igiya yana leƙa gefen hanya: takalmi sabo mai ƙugiya da ramukan allura, maƙalin gangara mai kaiwa 13 da ke karɓar GripWalk, siki na hannu mai ƙugu 98 zuwa 105. In sha'awar hawa ta zo daga baya, maƙali kaɗai zai sauya.

Wanda ya samu aikin hunturu a tasha, yana kan dutse kusan kullum: haɗin farko a jadawali, da siki mai ƙarfe a ciki don ya jure. Shi kaɗai ne siki na biyu mai faɗin 112 zuwa sama zai biya wa kuɗin sabulu, tunda yana nan da sassafe ranar da ta zuba.

Wanda ya riga ya yi hawa da kayan aro ya tabbatar yana so, rabin kwanakinsa a tasha rabi a daji, kuma ɗaki ɗaya gare shi ba wurin ajiye siki biyu: maƙali mai fuska biyu a kan siki 100 zuwa 106. Wanda kuwa ya gaji da layi da kuɗin tikiti, yana son tsaunukan Belledonne ko Chartreuse da ƙafarsa, ya tafi ga allura da siki mara nauyi, bayan ya yi kwas.

Mai mafarkin La Grave, inda motar igiya ke sauke mutum a wajen mita 3,200 ba daddalalliyar hanyar komawa ƙasa, ko Vallée Blanche da ke farawa daga Aiguille du Midi a mita 3,842 a kan daskararren kogi mai ramuka: siki 100 zuwa 108 ya isa, sauran kuɗin na jagora ne mai takardar shaida.

Wanda yake zaune a Zinder, sai dai ya je ziyarar mako guda wurin ɗan'uwa, ko yana karatu a Maroko yana hawa Oukaïmeden in ta samu ƙanƙara: kada ya sayi siki ko maƙali. Ya yi haya, ya zaɓi faɗi gwargwadon abin da ya zuba daren jiya. In zuwan zai riƙa maimaituwa duk shekara, ya sayi takalmi kaɗai, ya bar shi can wurin ɗan'uwan a cikin kabad, a ɗaure da maɓallansa, don zafin Afrilu na Damagaram ba zai bar robar da lafiya ba.